Sawun Tirelar Namadi

Duk wanda ya taɓa kai wa Namadi mai walda aiki a Kende ya san aikin zai yi kyau, amma sai ya haɗa da haƙuri. Ka kai masa ƙofa ka ce hinji ɗaya ne ya karye, sai ya kwantar da ita a ƙasa, ya kankare tsatsarta kaf, ya miƙe inda ta lanƙwashe tun zamanin kakanka, kai kuwa kana can kwana huɗu da tabarma rataye a bakin ɗaki. In ka yi ƙorafi ya ɗage baƙin gilashin nan nasa ya dube ka. "Abu in ba a maishe shi yadda anka yi shi tun hwarko ba," in ji shi, "ba gyara anka yi ba, ruɗi na." Mutane su tafi suna gunaguni, gobe kuma su sake kawo wani aikin, don ba a taɓa jin waldar Namadi ta ɓalle ba.

Ɗan gidan maƙera ne. Ya bar zuga-zugin mahaifinsa yana saurayi, ya je Kamba ya koyi walda, ya dawo da ɗan janareto da taurin kai, ya kafa rumfa a bakin hanyar da ta fita gari ta yi yamma. Yawancin aikinsa amalanken shanu ne, kuma rabin amalanken da ke yawo tsakanin Kende da Kurgu daga rumfarsa suka fito. Abu ɗaya ke ƙona masa rai a kansu, wato ƙafafunsu. Kowace amalanke a ƙasar nan tsofaffin tayoyin da motoci suka yar take takawa da su, waɗanda suka cinye suka yi sumul kamar tafin hannu. Manomi ba ya neman fiye da haka. Namadi kuwa duk ranar da ya gama amalanke ya ɗaura mata irin waɗannan, sai ya yi tsaki ya juya baya kafin a ja ta.

Ƙane ɗaya tal gare shi, Haliru, kuma ya girme shi da shekara goma sha biyu. Ranar da mahaifiyarsu za ta cika, ta kama hannun Haliru ta sa a cikin na Namadi. Namadi ya gane amana aka ba shi. Haliru ya girma, ya yi aure, matarsa Ummu Salma ta haifa masa 'ya'ya uku, furfura ma ta fara leƙowa a gemunsa, amma in ya yi tafiya Namadi ba ya iya cin tuwo sai ya ji ya dawo. Shi Haliru mutum ne mai dariya, wanda ko akuyarsa ta mutu sai ya samu abin raha a ciki. Noma ya riƙe, bai bi ƙira ba. Gonarsa mafi albarka ita ce gonar Marke, can yamma dab da iyakar Benin. Sai ka bi burtali da shanu tun safe, ka ƙetare wani ɗan rafi, kafin ka hango marken da gonar ta ci sunansa.

A daminar da abin ya faru, dawa ta yi kyau a gonar Marke irin kyan da ke sa manomi tsoro, domin dajin ya samu waɗansu masu shi. Mutane ne a kan babura, da rawuna da bindigogi. Ba a san inda suka fito ba, ba a kuma kiran sunansu, sai dai a sassauta murya a ce mutanen daji. Wata rana da hantsi ana cikin maimai, wato noma na biyu, suka tsaya wa manoman wajen, suka tara su a inuwar marken. Ba su daki kowa ba. Babbansu ya yi magana a hankali, Haliru kuma ya kawo maganar gida yadda ya ji ta: ku yi nomanku, ku kwashe amfaninku, amma duk wanda ya jawo mana kaki cikin dajin nan, kansa ya jawo wa.

Tun daga ranar Namadi ya shiga ƙidayar kwanaki. Amalanken Haliru dami goma take ɗauka, dawar kuwa za ta kai dami ɗari da ashirin. Sahu goma sha biyu ke nan, kwana goma sha biyu ƙanensa yana shiga dajin yana fita a gaban idon mutanen nan. Ya ce masa ya haƙura da gonar bana.

Haliru ya yi dariya. "Yaya, in bar ma tsuntsaye abincin ɗiyana? Su da bakinsu sunka ce mu kwashe. Mu ko za mu kwashe."

Abin ya zauna wa Namadi a rai. Ba abin da yake so a duniya kamar ya rage kwanakin nan.

Ana haka aka yi suna a gidan wani ɗan'uwansu a wani ƙauye da ke ƙetaren iyaka, Namadi ya je. Yana zaune ana rabon goro sai idonsa ya faɗa kan komin da awakin gidan ke cin dusa a ciki. Wani ƙaton akwatin ƙarfe ne, ya nutse a ƙasa har rabi, tsatsa ta ci shi ya yi jawur. Kowa komi yake gani. Namadi kuwa ya ga lanƙwasasshen ƙarfen da ke rufe taya a gefensa, ya ga wani zobe mai kaurin wuyan hannu a gabansa. Ya bar goron ya tashi, ya durƙusa da babbar rigarsa a cikin kashin awaki yana tona ƙasa da hannu, 'yan suna suna kallonsa suna zungurin juna. Maigidan ya ce tun yana ƙarami yake ganin abin a nan, mahaifinsa ne ya samo shi a gwanjon kayan gwamnati. Suka yi musaya, Namadi zai ƙera masa sabon komi da ƙofar gida, shi kuma ya ba shi gwangwanin. Maigidan ya yi ta godiya, a ransa yana cewa ya samu wawa.

Da aka jawo abin Kende a kan tayoyin aro, Namadi ya je ƙofar masallaci ya riƙo hannun Baba Bunyaminu ya kawo shi rumfa. Baba Bunyaminu tsohon soja ne, ya bar aiki da igiya biyu, yanar ido kuma ta rufe masa gani har ba ya rarrabe mutum da turke. Da hannu yake gani. Ya shafa zoben, ya laluba ya samu hannun birki a gefe, ya bi ƙugiyoyin da ke jere a jikin akwatin ɗaya bayan ɗaya, ya zura yatsa a wani ɗan rami da ke tsakar ƙasansa inda ruwa ke fita. Sannan ya juyo wajen Namadi.

"Ina kas samo ta, ɗan maƙera?"

"Ga awaki, Baba. Mi ta?"

"Tirelar soja ta. Ba irin dogayen nan na titi ba, 'yar ƙarama, mota aka ƙulla ma ga wanga zobe ta ja ta. Mun ja irinta da harsashi, mun ja ta da shinkahwa, mun ja ta da gawa."

Namadi ya kai hannun tsohon kan wani ɗan farantin tagulla da ya tono a ƙarƙashin tsatsa, mai rubutun Faransanci. Wani ɗan kasuwa da ke ƙetare iyaka ya riga ya karanta masa: an ƙera ta shekara sittin da wani abu da suka wuce, kuma tana ɗaukar tan guda. Tan guda dami talatin ke nan. Sahu huɗu, maimakon goma sha biyu. Yanzu kuma yana so ya san sauran. Ya tambayi tsohon yadda take a farkonta.

Baba Bunyaminu ya ce koriya ce, kore mai duhu kamar miyar kuka da ta kwana, da fararen lambobi a bayanta. Tayoyinta kuwa masu haƙora ne a gicciye, ko a taɓo ba sa santsi. Yana faɗa yana murmushi, sai kuma murmushin ya ɗauke. Ya damƙe wuyan hannun Namadi da ƙarfin da ba a zata yana da shi ba.

"Amma ka ji ni. Ka gyara ƙarhe, ka bar launi. Zamanin ga, wanda duk yag ga kore cikin daji bindiga shika ɗauka kahin shi yi tambaya."

Namadi ya ce ya ji.

Mako shida ya yi a kanta. Ya kori duk mai kawo aiki, har wani ya ɗauki garmarsa ya tafi Kurgu yana zage-zage. Ya kwance sifirin ɗinta falle-falle ya jiƙa a baƙin mai. Ya yanke inda fitsarin awaki ya huda ƙasanta, ya yi faci ya goge har ba ka gane gaɓar. Ya je Kamba sau biyu neman boris da ya yi daidai, don na farkon da ya samo ya ɗan yi sako-sako, kuma Namadi ba ya kwana da sako-sako. Birkin da ya daskare tun kafin a haifi Haliru ya sa shi ya motsa. Wani zai yanke zoben gaban ya liƙa sandar shanu ya huta. Shi kuwa ya ƙi taɓa zoben, ya ƙera wata doguwar sanda da ke shiga cikinsa ta kai ga karkiya, in an so a zare ta tirela ta koma yadda take. A can ƙarƙashin ƙarfen da ke rufe taya, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba, ya tarar da ragowar fentin asali, faɗin tafin hannu. A bayanta kuma, in ka karkata kai, kana ganin inuwar lambobin. Daga ranar ya fara haɗa fenti a gwangwanin madara, kore da ɗorawa da ɗigon baƙi, yana shafawa a gefen na asalin yana gwadawa. Wai don ya gani ne kawai.

Ummu Salma ce ta kama shi. Ta kawo masa fura da rana, Haliru na biye da ita, ta ga koren fenti a yatsunsa. Mace ce mai ƙarancin magana, kuma ba ta saba ɗaga ido ta dubi yayan mijinta ba, amma ranar ta duba.

"Yaya, wane launi za a sa mata?"

Namadi ya ɓoye hannu a bayansa kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Ya ce bai yanke shawara ba tukuna.

"Don girman Allah shuɗi," ta ce. "Irin na ƙohwar makaranta. Kowa yag gani ya san ta manomi ta."

Haliru ya yi dariya ya ce shi ko ja aka sa mata bai damu ba, dawa ba ta san launi ba, amma tunda uwargida ta ce shuɗi, to shuɗi. Namadi ya ce, "To, shuɗi. Na yi alkawari."

Hali zanen dutse. Ranar kasuwa, gari ya watse an tafi cin kasuwa, ba kowa sai kaji, Namadi ya jawo zana ya kewaye rumfa. Fentin nan ya riga ya haɗu, ya fito daidai har shi kansa ba ya rarrabe sabo da tsoho, yaya za a ce ya zubar? Ya shafa mata shi tun daga zobe har baya. Ya yanka lambobin a jikin kwali ya ɗora a kan inuwarsu ya bi da fari. Sannan ya ja da baya ya zauna a kan turmi yana kallo. Tun da yake walda bai taɓa jin daɗi irin na wannan yammacin ba, kuma a cikin daɗin yana jin kunya. Ya lulluɓe ta da tampol kwana biyu ta bushe, sannan ya bi ta da shuɗi, shafi biyu, har ba ɗigon kore da ke leƙowa. Ya gaya wa kansa fenti a ƙarƙashin fenti maganin tsatsa ne. Gaskiya ne kuwa, sai dai ba don haka ya yi ba, kuma ya sani.

Da shuɗin ya rufe, sai ya ji kamar an ƙwace masa wani abu, ya kuma nemi inda zai rama. An hana shi launi, ai ba a hana shi ƙafa ba. Wannan tirela ba za ta taka ƙasa da tayoyin da mota ta yar ba. Ya hau babur ya ƙetare iyaka ya shiga kasuwar tayoyin gwanjo, ya wuni yana birkita tsibi bayan tsibi, har ya faɗa kan guda biyu da suka fito daga kayan soja, haƙoransu a gicciye, ko rabi ba su ci ba. Da ya ɗaura su ya sake riƙo hannun Baba Bunyaminu. Tsohon ya bi haƙoran da yatsa, ya yi dariya har da ƙwalla. "Yanzu ta zama ita," in ji shi. Ya tambayi launi aka ce masa shuɗi, ya ce madalla. Shi kansa da ya yi gargaɗin, launi kawai ya tsaya a kai, bai tuna da sawun da za ta bari a ƙasa ba, balle sauran jama'a da suka taru suna yaba aiki.

Kaka ta yi, aka yanke dawa aka ɗaure. Ranar farko Haliru ya ɗaura bijimansa biyu ya fita bayan sallar asuba, kafin la'asar ya shigo gari da dami talatin a jibge, shi a zaune a can sama yana wa mutane kirari. Abin da ya fi ba kowa mamaki shi ne shirunta. Amalanke tun tana bayan gari kake jin kukan ƙafafunta, wannan kuwa sai dai ka gan ta a gabanka.

"Yaya, amarya kay yi min," in ji Haliru yana sauka. "Ko tari ba ta yi. Ka ga sawunta bakin rahi inda ƙasa ad da danshi? Kamar kitso. Har tsayawa niy yi ina kallo."

Namadi ya ji daɗin maganar. Ya ci tuwo malmala biyu a ranar. Kashegari aka sake, jibi ma haka, dami casa'in suka shiga rumbu. Saura sahu ɗaya ƙanensa ya fita daga dajin nan sai baɗi, hankalin Namadi kuma ya fara kwanciya.

A rana ta huɗu Haliru ya fita da asuba kamar kullum. Da hantsi Namadi na share rumfa sai ya hango mutum tafe daga yamma, sanda a kafaɗa, kansa a sunkuye, yana tafiya a gefen hanya ba a tsakiya ba. Ɗanmusa ne, Bafulatanin da rugarsa ke bakin burtali kusa da rafi, wanda ake cewa in saniya ta ɓata tun shekaranjiya zai bi sawunta ya gaya maka inda ta tsaya ta sha ruwa. Bai ɗaga kai ba sai da ƙasar da yake karantawa ta kawo shi bakin rumfa. Ya dubi ƙasa, ya dubi Namadi. Gaisuwar ma a gajarce ya yi ta.

"Maƙeri, motar soja nan taka kwana?"

"Wace motar soja? Amalanken Haliru ta. Ni nig gyara ta."

Ɗanmusa ya sauke sandarsa ya tsuguna. Ya ce kwana biyar ba ya nan, ya kai shanu can kudu, jiya ya dawo. Ya ce shekaranjiya soja sun shiga dajin ta wata hanya sun ƙone wa mutanen nan sansani, sun kashe musu mutum biyu. Ya ce jiya da yamma babura uku suka tsaya a rafi, yana hange daga cikin shanunsa. Suka sauka suka tsuguna a kan sawun suna awonsa da tafin hannu. Suka kira shi suka tambaye shi motar wa ke zarya a nan kwana uku ke nan, har aka faɗa musu, kuma wa take zuwa gani. Ya ce bai sani ba, kuma wallahi bai sani ba.

"Shanu ka jan ta!" in ji Namadi. Muryarsa ta fita da ƙarfi har kajin da ke kiwo suka watse. "Ba su ga kohwato ba tsakanin tayoyin?"

"Burtali na, maƙeri. Shanu dubu ka bin shi kullum, wa ka sanin wanne yaj ja mi? Sawun giwa ya taka na raƙumi. Ƙasar ga duk ba amalanken da ad da haƙora. Ni kaina soja nic ce." Ya miƙe ya mayar da sanda kafaɗa. "Sawu kai biyu gare shi. Ni na biyo shi ta nan. Su sun bi shi ta can."

Namadi bai san lokacin da ya hau babur ba. Ko rumfar bai rufe ba, ko hula bai ɗauka ba. Ya bi burtali, sawun nan biyu suna gudu a gabansa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a fili tsaf, ko makaho ya shafa zai karanta. Sau nawa ya bi ta kansu a bakin rumfarsa kwanakin nan yana jin daɗinsu? Yana tafe yana lallashin kansa. Za su iso su ga shanu. Za su ga dawa. Za su ga Haliru da dariyarsa, wanda suka san fuskarsa tun ranar maimai. Za su ga shuɗi irin na ƙofar makaranta, su gane amalanken manomi ce, su yi tsaki su tafi. Ya yi ta maimaita shuɗin nan a bakinsa kamar addu'a, tsoro kuwa na ci gaba da hawowa, domin shi kaɗai a duniya ya san abin da ke ƙarƙashinsa.

Gonakin hanya duk ba kowa. Lokacin kaka ne, ya kamata a ga mata masu kala, a ji muryoyi, amma har ya kai rafi bai gamu da mutum ɗaya ba. A bakin rafin ya ga inda aka tsuguna, ya ga shatar yatsu biyar a kan danshi kusa da haƙoran tayar. Ya ga sawun tirelar na safiyar yau, a kansa kuma sawun babura, sabo, sun yi yamma. Ya ƙetare.

Bai yi nisa ba ya hango bijiman. Suna tafe a hankali, kawunansu na rausaya, sun kamo hanyar gida da kansu kamar yadda shanun da suka saba ke yi. Tirelar na biye da su a cike, ba ta ko motsin ƙara. Ba kowa a saman dawar. Ya kashe babur ya bar shi ya faɗi, ya tare shanun ya ja birkin da ya gyara da hannunsa, ta tsaya cak. Igiyar da ta ɗaure kayan an ƙulla ta a gefe ɗaya da irin ƙullin Haliru, ɗaya gefen kuwa tana reto, ba a kai ga ƙullawa ba. Ya kira sunan ƙanensa. Ya kewaya ta hagu ya leƙa ƙarƙashi, kamar mutum mai 'ya'ya uku zai ɓuya a can. Sannan ya zo bayanta.

An sa wuƙa an kankare shuɗin, faɗin tafin hannu biyu. Wanda ya yi bai yi da gaggawa ba, a hankali ya bi, kamar mai neman tabbatar da abin da yake zato. Koren ya fito fes, sabo, yana ƙyalli a rana, ba tsatsa ba tsufa, da fararen lambobi uku a tsakiyarsa. Da tsohon fenti ne da ya dushe, da wataƙila Haliru ya ce gwanjo ce, tun kafin a haife shi take haka, su yarda. Wannan kuwa ko jariri ya san bai yi wata ɗaya da shafawa ba. Kuma Haliru, da aka nuna masa, bai san da shi ba balle ya san abin da zai ce.

Namadi ya ƙarasa gonar da ƙafa, yana gudu yana faɗuwa. Marken na nan, gorar ruwan Haliru na rataye a reshe, ruwan ciki da sauran sanyi. Sawun babura ya kewaye itacen ya yi yamma ya shiga ciyawa. Ya bi shi har inda ƙasa ta yi tsauri ya ɓace. Ya tsaya a nan yana kira har muryarsa ta dushe, ba abin da ya amsa.

Damina biyu ke nan yanzu, ba gawa ba labari. An je wajen hukuma, an yi saukar Alƙur'ani, Ɗanmusa ya bi daji har cikin ƙasar Benin ya dawo hannu rabbana. Gonar Marke ta koma saura. Namadi na nan a rumfarsa, ya rame, yana ciyar da gida biyu, kuma in ka kai masa ƙofa yanzu hinjin kawai zai liƙa ya miƙo maka. Masu son magana suna cewa garin neman gira aka rasa ido, amma ba a gabansa ba. Shi ba maganar gari ke hana shi sakewa ba. Abin da bai bar shi ba shi ne yammacin ranar, lokacin da ya shigo gari yana jan bijiman da hannunsa.

Mutane sun riga sun taru a ƙofar gidan Haliru, don labarin Ɗanmusa ya zaga. Da suka ga dawa ba mai dawa, maza suka sunkuyar da kai, wata tsohuwa ta fara salati. Ummu Salma ta fito da ƙaramarsu a goye. Ba ta yi kuka ba tukuna. Ta dubi saman kayan, ta dubi bayan Namadi ko akwai mai biye da shi, sannan ta kewaya tirelar a hankali tana riƙe da gefenta, har ta zo inda aka kankare. Ta tsaya. Ta sa yatsa ta shafa koren, ta duba yatsan, ta sake shafawa. Sannan ta ɗago ta dubi yayan mijinta, ba da faɗa ba, da muryar mai tambayar abin da ya shige mata duhu.

"Yaya, ba shuɗi munka ce ba?"